Lambar Inna a Tukunyar Mai Zobe

Saura kaɗan Auta ba ta rubuta lambar ba. Biro yana hannunta, takarda tana gabanta, zuciyarta kuma tana ce mata ta ajiye ta tashi. Amma mutumin da ke bayan teburin ya zuba mata ido yana murza ƙaton zoben da ke yatsarsa, ita kuwa tun tana ƙarama ba ta iya jure a tsaya ana kallonta ana jira.

"Rubuta mana, ƙanwata. Gwaji ne kawai. Kafin ki kai bakin titi saƙo ya shiga, ki ga aiki da idonki."

"Wayata ba caji," ta ce.

"To ta gida fa? Ko a kogon dutse kuke zaune?"

Ya yi dariya, matar da ke danna kwamfuta a gefensa ta taya shi. Lambar waya ɗaya tak Auta ta haddace a duniya, ita ce ta Inna. Ta sunkuyar da kai ta rubuta ta, don kawai a daina yi mata dariya ta samu ta fita.

Kawu ne ya aiko ta. Shagon katifa da filo da labule gare shi, Auta ce ke share shagon, ta kakkaɓe ledar katifu, ta karanta masa duk abin da ke buƙatar karatu. Makarantarta ba ta wuce firamare ba. A hankali take karatu tana motsa leɓe, amma ba ta tsallake ko harafi ɗaya. Tun da aka buɗe wani babban kanti mai ƙofar gilashi a tsallaken titi, ciniki ya ja baya. Wata rana wayar Kawu ta yi ƙara, ya miƙa mata. Ta karanta: kantin tsallake ne ke gayyatar abokin cinikinsu mai daraja ya zo ya sayi katifa, akwai rangwame.

Tela, wanda ke ɗinka labule a lungun shagon, ya ɗaga ƙafa daga kan keke ya riƙe ciki yana dariya.

"Maigida, ka leƙa mana. An ce da rangwame. Ka sayo min filo ɗaya."

"Ni za su yi wa tallar katifa? Ni da furfurata ta fito a cikin soso?" Kawu ya juya wajen Auta. "Ke ce mai danne-danne. Ki nemo mana masu tura wannan abin. Mu ma mu shiga aljihun mutane mu yi ƙara."

Wuri na farko da ta je wani ofishi ne a saman bene, wata mata mai tabarau ta ba ta kujera har da ruwan sha. Matar ta yi mata bayani a natse, amma ta ce ba sa tura wa kowa saƙo sai wanda ya yarda a tura masa, kuma duk wanda ya gaji yana iya cewa a daina. Farashinsu da nauyi. Da Auta ta kawo wa Kawu wannan labari, ya ce, "Wato sai na bi mutum gida na roƙe shi izinin in yi masa talla? To in na je gidan nasa ai na riga na yi tallar." Wuri na biyu sun tura saƙon gwaji a wayarta da hantsi, bai iso ba sai washegari, lokacin har ta manta da su. Na uku shi ne Mai Zobe. Nasa ya fi na kowa araha, kuma ya ce da kyauta a kai: ban da lambobin kwastomomin Kawu, zai ƙara musu dubban lambobi daga wajensa.

"Ina kuke samunsu?" Ita ce tambaya ɗaya da Auta ta iya yi masa.

"Tukunya ɗaya ce, ƙanwata. Kowa ya kawo nasa ya zuba, kowa ya ɗiba."

A lokacin ba ta gane ba. Ta ɗauka wani salon magana ne na 'yan ofis.

Tun daga kan kwanar layinsu ta hango Inna a tsaye a ƙofar gida, takalmi a ƙafa ɗaya, ɗayar a ƙasa. Ta riƙe wayar da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Auta, yi sauri! Ta yi ƙara. Tun ɗazu ta yi ƙara."

Wayar Inna ƙarama ce mai madannai, tsohuwa, an ɗaure murfinta da roba. Yaya, wan Auta, ne ya saya mata kafin ya tafi aikin jirgin ruwa. Shi ne babba a gidan, mutane suna kiransa Dogo. Kira daga can da tsada, don haka saƙo yake turowa, kuma kowace tasha suka sauka sai ya sayi sabon layi, saboda haka ba a taɓa sanin da wace lamba zai zo ba. Inna ba ta karatu. Auta ce ke karanta mata, ta maimaita, gobe ma ta sake. Akwai saƙon da ya ce ya ga kifi ya fi motar Kawu girma. Akwai na sanyi, da na ranar da ya yi zazzaɓi ya warke. Na ƙarshe ya ce za su tashi zuwa wata tashar, in ya sauka zai turo da sabon layi, kada Inna ta canza lamba. Daga nan shiru. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Duk lambobinsa na baya ba sa shiga. Dangi in za su gaida Inna ta wayar Auta suke kira, don haka wayar nan ba ta da aikin komai sai jira. Kullum da safe in Inna ta gama shan shayi, sai ta buɗe akwatin saƙo ta yi ta danna maɓallin ƙasa, layukan suna wucewa ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Ba ta san abin da ke rubuce ba, amma babban yatsanta ya san tsawonsu.

Auta ta karɓi wayar, ta riga ta san abin da za ta gani. Gwaji ne daga kamfanin Mai Zobe, wai ga shi an ga saurin aikinsu.

"Me ya ce? Ya sauka?"

"Ba shi ba ne, Inna. Ɓatan hanya saƙon ya yi."

Inna ta karɓi wayar. Sannan ta duba ƙafarta, ta ce, "Ji min, ina ɗaya takalmin?" Ta koma ciki. Ranar shinkafar da ta dafa ta kama.

Auta ta ɗauka shi ke nan. Ba a yi kwana nawa ba wayar ta sake ƙara. Shayin rage ƙiba. Washegari filaye a bayan gari, sai cacar ƙwallo, sai maganin basir, sai makarantar koyon tuƙi. Wani yana zuwa da sunan kamfani, wani da lamba kamar ta mutum. Kowace ƙara sai Inna ta saki abin da ke hannunta. Ta taɓa barin famfo a buɗe har ruwa ya shiga ɗaki. In Auta tana shago, haka Inna za ta zauna da wayar a cinya, tun daga ƙarar har zuwa yamma, ba ta ci ba ta kwanta.

"Karanta a hankali, kar ki yi sauri. Ƙila a ƙasa ya sa sunansa."

"Inna, maganin ƙiba ne."

"Ni? Su zo su ga ƙibar."

Sai ta yi 'yar dariya, ta ɗaure wayar a bakin zane. Dariyar ce ta fi damun Auta.

Wata yamma ta tarar da wani ɗan hoton ambulan na wasiƙa yana ƙyaftawa a saman fuskar wayar. Ta lallaɓi Inna ta ba ta ita, ta kai wa mai gyaran waya da ke kusa da shagonsu, Inna kuwa ta rako ta har bakin titi tana cewa kar a buɗe mata ita. Mai gyara ya duba sau ɗaya ya ce akwatin saƙo ne ya cika. Saƙonnin Dogo sun cinye kusan duka wurin, 'yan gurabe kaɗan suka rage, talla ta cike su.

"In ya cika me zai faru?"

"Sabo ba zai shiga ba. Zai tsaya a hanya yana jira, in ya gaji ya ɓace."

"Ko na waye?"

"Ko na sarkin duniya ne."

 Auta ta tambaye shi ko za a iya kwashe tsofaffin a zuba a wata wayar. Ya ce irin wannan tsohuwar ba ta da hanyar kwashewa, in ya takura mata ma tana iya mutuwa a hannunsa. Ko za a iya toshe masu tallar? Ya gwada abin da ya sani, ya ce wasu za su tsaya, amma masu zuwa da lambar mutum ba yadda za a yi da su, yau wannan gobe waccan.

"Ku sayi sabon layi mana, ku huta."

Auta ta karɓi wayar ta yi godiya. Ba ta iya yi masa bayani ba.

Daga ranar ta ɗauki sabon aiki. Da safe kafin ta fita ta goge tallar da ta shigo, da yamma in ta dawo ta goge. Inna tana zaune kusa da ita tana bin yatsunta da ido. Tsakanin safe da yamma kuwa, tana shago tana kakkaɓar leda, hankalinta yana kan ɗan ambulan ɗin, ko ya fara ƙyaftawa, ko wani abu yana tsaye a hanya yana jira.

Sai da ta kwana biyu tana shirya maganar a ranta kafin ta koma ofishin Mai Zobe. A hanya ta tsara yadda za ta ɗaga murya. Da ta shiga, duk ya zube.

"Lambar da na rubuta ranar nan. Don Allah a cire ta."

"Wace lamba?"

Ta faɗa masa. Ya ce su ba sa ba kowa lambar kowa. Ba ta tafi ba. Ya dube ta, ya murza zobe, sannan ya sassauta murya kamar mai lallashin yaro.

"Ƙanwata, ko na cire a nan, ta riga ta zaga. In kika zuba gishiri a miya, za ki iya tsamo shi? Saƙo ne fa, ba cizo yake ba. A goge a wuce."

"Ta mahaifiyata ce. Tana jiran..."

Waya ta yi ƙara a kan teburinsa, ya ɗaga mata hannu ya ɗauka. Ta tsaya har ya gama. Da ya ajiye sai ya ce, "Yauwa, ki gaya wa kawunki gobe ina nan tafe in karɓi lambobin nasa."

A shago ta samu Kawu zaune a kan katifar da ta fi kowace daɗewa, yana kallon mutane suna shiga ƙofar gilashi a tsallake. Ta durƙusa gefensa ta faɗa masa komai, tana kallon ƙasa. Ta ce matar saman bene ta fi. Ta ce in aka ba Mai Zobe lambobin mutane, abin da ya sami Inna shi zai same su.

Kawu ya dube ta. Inna ƙanwarsa ce, shi ya goya ta suna yara.

"Kin yi wauta," ya ce, ba da faɗa ba. "Amma Auta, tsakanina da ke, kina ganin Dogo zai turo wani saƙo?"

Ya nuna mata katifun da hannu.

"Ki dubi shagon nan. Yau tun safe mutum ɗaya ya shigo, shi ma hanyar asibiti yake tambaya. Matar benen nan ba zan iya da ita ba. Mutane kuma kowa wayarsa ƙara take, tamu ɗaya ba za ta kashe su ba."

Tela ya so ya sassauta abin. Ya ce, "Malama Shiru, yau kin yi maganar shekara guda a zama ɗaya. A kawo mata ruwa." Ba wanda ya yi dariya, shi ma ya koma kan kekensa.

Mai Zobe ya zo washegari, ya kwashe lambobin da ke wayar Kawu, na duk mutanen da aka taɓa kai wa katifa gida. Ya ce a rubuta abin da za a tura, gajere. Kawu ya miƙa wa Auta biro. Wa zai rubuta in ba ita ba? Ta zauna a kan buhun filo ta rubuta, ta soke, ta sake. A ƙarshe ta ce: Bayanka na ciwo in ka tashi? Zo ka gwada katifarmu, kwanciya kyauta ce. Tela ya ce wallahi shi ma ya ji yana son ya saya. Kawu ya yi murmushi, rabon da ta ga haƙoransa ta manta. Da azahar Mai Zobe ya kira ya ce an saki saƙo, ya tafi ga kwastomomin Kawu da dukan tukunya.

Da yamma Inna ba ta ƙofar gida. Tana tsakar gida tana tsince shinkafa, fuskarta a sake.

"Yau na hutar da ke," ta ce. "Abin nan ya fara ƙyafta ido tun da rana. Na ce kar yaron nan ya zo ya tarar da ƙofa a rufe. Na yi yadda kike yi. Nan, sai ƙasa, sai ƙasa, sai tsakiya. Ya daina. Ina gamawa kuwa wani ya shigo, ban taɓa shi ba, na ajiye miki."

Ta kwance bakin zane ta miƙo wayar. Auta ta goge hannunta a jikin riga ta karɓa. A wayar nan, kalmar goge tana sama, goge duka tana ƙasanta, layi ɗaya ne tsakaninsu. Ta buɗe akwatin. Saƙo ɗaya ne a ciki. Ta danna ƙasa, babu inda za a je. Ta fita ta sake shiga. Ɗaya ne dai. Ta buɗe shi.

Bayanka na ciwo in ka tashi?

"Shi ne?"

"A'a, Inna. Tallar katifa ce."

"Katifa kuma? Ki kai wa kawunki ya ji, masu ƙofar gilashi sun biyo mu har gida." Inna ta watsa wa kaji tsakuwar da ta tsince. "Bar su. Tunda tana hannunki, karanta min na kifin nan. Yau shi nake ta tunawa."

Auta ta zauna a bakin tabarma. Ta riƙe wayar kusa da fuska yadda ta saba, ta danna maɓallin ƙasa kamar mai nema. Haruffan tallarta suna gabanta. Ta buɗe baki, ba ta san abin da zai fito ba.

"Inna, ina gaisuwa. Yau na ga kifi ya fi motar Kawu girma, wallahi ba ƙari. Ki daina ɗaukar ruwa da kanki, ki sa Auta, ai ba aikin da take sai kunya."

Inna ta yi dariya a daidai inda take yi kullum.

"Ja'iri. Motar kawun nasa ma ai ta mutu bai sani ba. Sai na sanyin."

Auta ta karanta na sanyin, daga ka, tana motsa ido a kan layukan da ba su ba ne. A tsakiya ta kakare. Inna ce ta ƙarasa mata: "Rigar da kika sa min a jaka ita ta cece ni. Ke yau idonki ya gaji. Kawo, gobe ma rana ce." Ta karɓi wayar ta ɗaure.

Washegari Auta ta riga kowa tashi. Ta jira har Inna ta ɗauki bokiti ta shiga wanka, sannan ta zaro wayar daga ƙarƙashin filo ta kashe mata ƙara. Ta goge tallar katifa. Ta ɗauki tata wayar, ta zauna a bayan ƙofa, ta fara rubutawa tana turawa zuwa lambar da ta haddace. Na kifi ta fara. Sai na sanyi, da na zazzaɓi. Ta rubuta su yadda Yaya yake rubutu, ba babban harafi, ba tsayawa. Wasu sun zo mata cikakku. Wasu rabi kawai ta tuna, ta tura rabin. Akwai wanda ta san ya yi maganar wani tsuntsu da ya kwana a jirginsu, amma ta nemi kalmominsa ta rasa, ba ta kuma yarda ta sa masa nata ba. Ta san ba su kai tsawon da yatsan Inna ya saba ba. Ta kuma san duk wanda ta tura yana cin gurbin da wani zai iya shiga. Da ta ji ƙarar ruwa ta tsaya a banɗaki, ta yi sauri ta rubuta na ƙarshe, har zuwa inda ya ce kar ki canza lamba. Ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya don kada su nuna sababbi ne, ta mayar wa wayar ƙararta, ta tura ta ƙarƙashin filo.

Ta dafa shayi ta zuba wa Inna, ita ba ta sha ba. Ta ɗauki jaka ta ce ta tafi, Kawu yana jira a rubuta talla ta biyu. Ta kai ƙofar gida ta sa hannu a kan sakata, sai ta ji 'yar ƙarar nan daga cikin ɗaki, sannan ƙarar kofi da aka ajiye da sauri.

"Auta! Auta, kin yi nisa?"

Ta tsaya da hannu a kan sakatar. Sannan ta sauke jakar, ta koma.